Laifin Wa Ne? Tarihin Rigimar Makin Ɓagas a Wasan Besbol

 Yau za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa, mu tsallaka Amurka, mu leƙa wani wasa da yawancinmu a fim kawai muke ganinsa, wato besbol. Kada wanda ya ce zai wuce don bai san wasan ba, abin da ake buƙata kaɗan ne kuma zan yi bayaninsa. Maganar da nake so mu yi ta wata gardama ce da ta haura shekara 100 ana yinta, kuma duk watan Afrilu sai ta taso sabuwa fil: idan wani ya yi kuskure a fili aka ci ƙungiya maki, a littafin wa za a rubuta wannan makin?

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mutum ɗaya yana tsaye a tsakiyar fili yana jefa ƙwallo, shi ne mai jifa. A gabansa akwai ɗan ƙungiyar hamayya riƙe da sanda, a bayan mai sandan kuma mai cafka ne a tsugune. Sauran mutum bakwai sun bazu suna tsaron fili. Idan mai sanda ya bugi ƙwallo sai ya ruga, akwai tashoshi uku da zai taka kafin ya dawo gida, in ya dawo lafiya an ci maki ɗaya. Aikin masu tsaro shi ne su fitar da mutum uku, da sun fitar sai a yi canji, su ma su karɓi sanda. Idan kowane ɓangare ya yi nasa, an yi turmi ɗaya kenan, kamar yadda ake cewa a dambe. Wasa turmi tara ne.

Kaka tana farawa ne a ƙarshen Maris, kowace ƙungiya ta buga wasa 162 kafin a shiga wasannin neman kofi a Oktoba. Ku duba fa, 162. Amma tun a makon farko magoya baya sun gama yanke hukunci. Wane ya tsufa, wane an yi asarar kuɗi a kansa, a kori koci. Wanda ya taɓa zama a gidan kallo a watan Agusta bayan wasa biyu na gasar Firimiya ya san irin wannan surutun. Kashi biyu ne kullum: masu cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, da masu cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Lambar da aka fi jifan juna da ita a wannan surutu ita ce wadda suke kira ERA. Lissafinta ba wuya: a ɗauki makin da aka ci mai jifa, a ninka sau tara, a raba da yawan turmin da ya yi jifa. Amsar ita ce maki nawa ake cinsa a cikakken wasa guda. Mai 3.00 gwani ne, mai 5.00 kuwa yana cikin matsala. To a Afrilu wannan lamba hauka take yi. Mutum ya fito wasansa na farko, aka ci shi maki shida a turmi uku, sai ka ga 18.00 a gaban sunansa. A 2019 wani mai jifa na ƙungiyar Washington Nationals, Trevor Rosenthal, ya fito wasa huɗu a jere bai fitar da ko mutum ɗaya ba, ana ta cinsa maki. Ba a raba lamba da sifiri, saboda haka ERA ɗinsa ta zama marar iyaka, aka yi ta yi masa ba'a. Ita ma ƙungiyar ta fara kakar da cin wasa 19 da faɗuwa 31, mutane suka yi mata jana'iza tun a watan Mayu. A Oktoban wannan shekarar ita ta ɗauki kofi, ta doke Houston Astros.

Sai dai akwai wani abu da na ɓoye a lissafin can. Ba kowane maki ake ɗora wa mai jifa ba. Maki iri biyu ne a littafinsu. Akwai wanda abokan hamayya suka ci da guminsu, bari mu kira shi makin gumi. Akwai kuma wanda ya samu saboda wani mai tsaron fili ya yi kuskure, ƙwallo ta suɓuce masa ko ya jefa ta inda ba kowa, wannan mu ce masa makin ɓagas. A allon sakamako duk ɗaya ne, da shi ake cin wasa, da shi ake faɗuwa. Amma a ERA makin gumi kaɗai ake lissafawa. Shi ya sa za ka ji mai goyon baya yana cewa, ai an ci shi biyar amma ɗaya ne kawai nasa. Ɗaya kuma ya ce, sauran huɗun aljanu ne suka jefa ƙwallon?

Daga ina wannan rabon ya samo asali? Daga wani ɗan jarida ne haifaffen Ingila, Henry Chadwick. An haife shi a garin Exeter a 1824, iyayensa suka ƙaura da shi Brooklyn yana yaro. Da rahoton wasan kurket ya fara, daga baya ya koma besbol, kuma shi ake jingina wa tsara jadawalin sakamakon wasa da jaridu ke bugawa, tun 1859. Mutum ne mai son a ba kowa haƙƙinsa, wanda ya yi ƙoƙari a yaba, wanda ya yi sakaci a rubuta. Bai yarda a ce makin da aka samu da ƙwarewar bugu da wanda aka tsinta don wani ya yi sake darajarsu ɗaya ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tun asali ba don mai jifa aka yi wannan rabo ba, don masu sanda aka yi. A wancan zamanin mai jifa ba wani babban mutum ba ne a fili. Daga ƙasa yake wurgo ƙwallo, doka ba ta bar shi ya ɗaga hannu sama da kafaɗa ba sai a 1884. Mai sanda ma yana da ikon ya ce a jefo masa sama ko ƙasa, ba a soke wannan ba sai a 1887. Wasan tsakanin masu bugu ne da masu tsaro. Tambayar Chadwick ita ce, ƙungiyar da ta ci wasa, bugunta ne ya ci ko sakacin abokan karawarta?

Kuma tambaya ce mai ma'ana sosai a lokacin, domin da hannu tsirara ake kama ƙwallo. Ƙwallo ce mai tauri kamar dutse, a fili mai rami da tudu. Wanda ya fara sa safar hannu ma kallon rago ake yi masa. A 1876, shekarar da aka kafa gasar National League, kowace ƙungiya tana yin kuskure kusan shida a wasa guda, kuma fiye da rabin makin da aka ci a kakar na ɓagas ne. Wani ɗan wasa mai suna Herman Long, wanda ya fara a 1889, ya yi ritaya da kuskure 1,096, har yau ba wanda ya kamo shi, kuma a zamaninsa cikin gwanaye ake lissafa shi. A irin wannan yanayi, in ba ka ware kuskure gefe ba, babu yadda za ka gane wa ya iya.

A hankali safar hannu ta zama ruwan dare kafin ƙarshen ƙarni na 19, aka gyara filaye, mai jifa ya zama shi ne sarkin fili. Sai wata matsala ta ɓullo. Da can mai jifa ɗaya ke fara wasa ya gama shi, saboda haka ƙirga wasannin da ya ci da waɗanda ya faɗi ya wadatar. Da aka fara canza mai jifa a tsakiyar wasa, lissafin ya rikice. A 1912 National League, a ƙarƙashin sakatarenta John Heydler, ta karɓi ERA a hukumance, a 1913 American League ta bi sahu. Walter Johnson na Washington ya gama wannan shekarar da 1.14. Kun ga abin da ya faru kenan: ma'aunin da aka ƙera don auna masu sanda a zamanin hannu tsirara, shi aka ɗauko aka rataya wa masu jifa, da rabonsa na gumi da ɓagas yadda yake.

Yau ƙungiya tana yin kuskure kamar sau ɗaya a wasa biyu, makin ɓagas bai kai ɗaya cikin goma ba. Amma dokar tana nan. Bari mu ga yadda take aiki, don a nan rigimar take.

Alƙalin wasa ba ruwansa da kuskure. Wani mutum ne daban, yana zaune can sama a ɗakin 'yan jarida, shi ne magatakardan wasa. Shekaru da dama 'yan jaridar da ke bin ƙungiyar gida ne ke wannan aiki, mutanen da gobe za su shiga ɗakin canza kaya su nemi hira da wanda suka rubuta wa kuskure jiya. Sai wajen 1980, bayan manyan jaridu sun hana ma'aikatansu, aka koma ɗaukar mutane na daban. Ma'aunin da doka ta ba shi shi ne: da ɗan wasa ya yi ƙoƙari irin na yau da kullum, zai iya kama wannan ƙwallon? In amsar e ce kuma bai kama ba, kuskure ne. Daga nan sai magatakarda ya sake gina turmin a cikin kansa kamar kuskuren bai faru ba, ya ƙiyasta maki nawa da an ci. In akwai shakka, doka ta ce a kyautata wa mai jifa zato. Wato turmin da ba a taɓa bugawa ba, shi ake lissafi da shi.

Ga inda abin ke ba ni mamaki. A ce an fitar da mutum biyu, saura ɗaya, sai mai tsaro ya yi kuskure. A turmin da ke cikin kan magatakarda an riga an tashi. Saboda haka duk abin da ya biyo baya ɓagas ne. Ko mai jifa ya bari an buga masa ƙwallo ta tsallake katanga sau uku a jere, ERA ɗinsa ba za ta motsa ba.

Ranar 1 ga Yuli, 1990, Andy Hawkins na New York Yankees yana jifa a Chicago da White Sox. Har aka shiga turmi na takwas ba wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya a kansa. Ya fitar da mutum biyu. Sammy Sosa ya bugo ƙwallo ƙasa, mai tsaron tasha ta uku, Mike Blowers, ya kasa riƙe ta. Kuskure na ɗaya. Daga nan Hawkins ya jefa wa mutum biyu a jere ƙwallayen da suka kauce, suka tafi tasha kyauta, tashoshi suka cika. Robin Ventura ya ɗaga ƙwallo sama, iska na kaɗawa, Jim Leyritz ya sa safa ta faɗo, mutum uku suka shige gida. Na gaba ma ya ɗaga, rana ta kashe wa Jesse Barfield ido, ta faɗo, maki na huɗu. Hawkins ya faɗi wasa da 4 da 0 ba tare da an yi masa bugu ko ɗaya ba, kuma duka huɗun ɓagas ne. Masu kare ERA suna son wannan labarin, suna cewa ga dalilin dokar nan, sau uku mutumin ya yi abin da ya kamata a tashi, abokansa suka zubar. Gaskiyarsu. Amma mutum biyun da suka cika tashoshin, Blowers ne ya saka su? Hannun Hawkins ne. Littafi bai rubuta masa ko rabin maki a kansu ba.

Akwai wanda ya fi wannan. Ranar 23 ga Afrilu, 1964, Ken Johnson na Houston ya yi turmi tara cur ba a yi masa bugu ba, kuma ya faɗi da 1 da 0 a hannun Cincinnati Reds. A turmi na tara Pete Rose ya ɗan dangwara ƙwallo gaba kaɗan, Johnson da kansa ya ɗauka ya jefa ta ta kauce, Rose ya kai tasha ta biyu. Daga baya Nellie Fox ya yi nasa kuskuren, Rose ya shiga gida. Makin ɓagas ne, kuma a dokar, kuskuren mai jifa da na kowa ɗaya suke. Da zarar ƙwallo ta bar hannunsa sai a ɗauke shi wani mutum daban, mai tsaron fili, laifin wancan kuma ba ya shafar wannan. Mutum ɗaya, riga ɗaya, littafi biyu.

Sannan kuskure ba daga sama yake faɗowa ba, salon mai jifa yana jawo shi. Wanda ke sa a riƙa buga ƙwallo tana bin ƙasa ya fi tara makin ɓagas, domin a ƙasa aka fi kuskure. Akwai kuma masu jefa ƙwallo ba tare da ta juya ba, tana tafe tana rawa a iska, mai sanda bai san inda za ta ba, mai cafka ma bai sani ba. Doka ta ce in ƙwallo ta kuɓuce wa mai cafka, makin da ya biyo ɓagas ne. Charlie Hough na Texas Rangers irin wannan jifan yake yi. A 1987 an ci shi maki 159, amma 120 kawai aka rubuta masa. ERA ɗinsa 3.79, in ka lissafa duka kuwa ya ɗan haura 5.00. Mai cafkarsa Geno Petralli, ƙwallo 35 ta kuɓuce masa a wannan kakar. Petralli ne bai iya ba, ko Hough ne ke jefa abin da ba ya kamuwa? Wanda ya ci ribar rawar ƙwallon a kan masu sanda, ai shi ya kamata ya biya kuɗinta.

Duk wannan ma ƙarami ne a kan babbar ɓarakar. Kuskure yana kama wanda ya isa wurin ƙwallo ne kawai. Mai tsaro mai nauyin jiki da bai ma kai gare ta ba, ba a rubuta masa komai, bugu mai kyau ne, makin kuma na mai jifa. Mai zafin nama da ya yi tsalle ya taɓa ta ta suɓuce, shi ake iya rubuta wa. Mutum biyu su tsaya suna kallon juna, kowa na zaton ɗan'uwansa zai kama, ƙwallo ta faɗi a tsakaninsu, galibi ba kuskure ba ne a littafi. Kenan dokar da aka yi don ta kare mai jifa daga raunin masu tsaro ba ta ganin mafi yawan raunin.

Kuma kalmar kuskure tana da nauyi a kan ɗan Adam. Ranar 25 ga Oktoba, 1986, wasa na shida na neman kofi, Boston Red Sox tana gaban New York Mets da 5 da 3 a turmi na goma, saura mutum ɗaya ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1918. Mai jifa Calvin Schiraldi ya bari aka yi masa bugu uku a jere. Bob Stanley ya karɓe shi, ya yi jifan da ya kauce, aka yi kunnen doki. Bayan duk wannan ne Mookie Wilson ya bugo ƙwallon da ta bi ta tsakanin ƙafafun Bill Buckner. Buckner ya yi shekara 22 yana wasa, ya yi bugu sama da 2,700, amma har ya rasu a 2019 da wannan ƙwallon ake tuna shi. Masu jifan da suka zubar da maki biyun farko, sai wanda ya bi tarihin ne ya san sunansu.

Wanda ya zo ya girgiza teburin gaba ɗaya wani matashi ne da ba ɗan wasa ba, Voros McCracken. A farkon 2001 ya wallafa bincike a shafin Baseball Prospectus, inda ya nuna cewa da zarar an bugi ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai faru ƙanƙani ne, bai kai yadda kowa ke zato ba. Wanda ya yi fice a wannan ɓangaren bana, baɗi sai ka same shi a ƙasa. Abin da ke bin mutum shekara bayan shekara uku ne: mutum nawa yake fitarwa da jifarsa kaɗai, nawa yake bari su tafi tasha kyauta, da sau nawa ake tsallake masa katanga. Da farko an yi masa ca, daga baya Red Sox ta ɗauke shi aiki. A kan wannan tunani Tom Tango ya gina ma'aunin da ake kira FIP, wanda ba ruwansa da masu tsaro sam. Har yau manyan shafukan lissafin wasan guda biyu ba su daidaita ba. Baseball-Reference tana farawa da duk makin da aka ci mutum, gumi da ɓagas, sannan ta yi gyara gwargwadon ƙarfin masu tsaronsa. FanGraphs kuma da FIP take aiki. Ku lura, wajen auna darajar mai jifa babu ɗaya cikinsu da ta dogara da rabon Chadwick.

In kun tambaye ni, ina tare da masu cewa a ƙirga duka. Tambaya biyu ce daban, kowace da amsarta. Me ya faru a fili? A ƙirga kowane maki. Me hannun mai jifa ya yi shi kaɗai? A duba FIP, ko bayanan kyamarorin Statcast da aka kafa a filaye tun 2015, masu auna ƙarfin kowane bugu da nisan da mai tsaro ya yi gudu. ERA ta tsaya a tsakiya, ba ta amsa ta farko ba, ba ta amsa ta biyu ba. Sai dai na san abin da ya sa ba za a taɓa ta ba. Bob Gibson na St. Louis ya gama kakar 1968 da 1.12, lambar da kowane mai son wasan ya haddace. Maki 49 aka ci shi, 38 ne na gumi. In ka ƙirga duka ta koma 1.45. Har yanzu abin al'ajabi ne, amma je ka gaya wa dattijon da ya girma da 1.12 cewa ka canza masa ita. Ga kuma kuɗi: da waɗannan lambobin wakilan 'yan wasa ke zama teburin ciniki, shi ya sa a yau ɗan wasa ko ƙungiya na iya ɗaukaka ƙara zuwa ofishin gasar a kan hukuncin magatakarda guda ɗaya.

Maimakon a rage dokar ma, ƙara mata aka yi. Tun 2020, idan aka gama turmi tara ana kunnen doki a wasannin kaka, sai a fara kowane ƙarin turmi da ɗan gudu a tsaye a tasha ta biyu, don a gama da wuri. Ba wanda ya buga, ba wanda ya yi sake, doka ce ta ajiye shi. To in ya shiga gida, makin na wa? Aka ce a ɗauke shi kamar wanda ya isa wurin ta hanyar kuskure, amma kada a rubuta wa kowa kuskuren. Makin ɓagas ne, ERA ba ta motsa ba, amma in da shi aka ci wasan, mai jifan ne ake rubuta wa faɗuwa.

A nan za mu dakata. Masu kallon ƙwallon ƙafa, ina so in ji ta bakinku: ɗan baya ya ba da ƙwallo ga abokin hamayya aka zura, ya kamata a lissafa ta a kan mai tsaron gida ko a'a?